Shinkafa ta yi sauƙi, ƙanena ya koma kabu-kabu

Ranar da aka dakatar da ƙanena daga aiki, dafa-duka aka yi a gidanmu, kuma da 'yar waje aka yi ta. Ni na sayo ta da hannuna a babbar kasuwar Birnin Kebbi, domin ta fi sauƙi, ni kuwa malamin makaranta ne, albashina ba ya ganin ashirin ga wata. Ya shigo tun kafin la'asar, lokacin da ya kamata a ce yana tsaye gaban inji, da takalman robarsa na aiki a cikin leda. Inna ta dube shi, ta dubi ledar.

"Mi yaf faru?"

"An ce mu zamna gida, Inna. In shanshera ta samu a neme mu."

Ba ta ƙara tambaya ba, sai ta tura masa kwano. Ya ɗebi loma, ya tsaya yana kallon ƙwayar a tafin hannunsa. Shekara shida ya yi a kan injin da ke tsince tsakuwa da baƙar ƙwaya, ya san shinkafa yadda mahauci ya san nama. Ya ce, "Yaya, wagga ba tamu ba ta." Na yi kamar ban ji ba. Ya ci abincinsa ya tashi.

Ba a ba shi takarda ba, ba a ba shi ko sisin sallama ba. Kamfanin na casar shanshera ne, wato shinkafar da ba a cire wa ɓuntu ba, kuma ba ya cikin manyan da kowa ya sani, matsakaici ne, irin waɗanda suka tsiro a gefen hanyoyinmu lokacin da harkar ke ci. Ba zan kama sunansa ba, domin mai shi ma bashin banki ya sha masa kai, motarsa ta hawa ma ya sayar. Rigimata da gwamnati ce. Idan gwamnati ta yanke shawarar buɗe ƙofa domin abinci ya yi sauƙi, to ta ɗauki bashin mutanen da wannan shawara ta raba da abincinsu. Bashin kuma na ma'aikacin ne, a hannunsa ya kamata ya faɗa. Duk sauran maganata a kan wannan take tsaye.

Mu Kabawa mun san yadda aka yi aka zo nan. Kakanninmu sun noma shinkafa a fadamar gulbin Rima tun kafin a raɗa wa Najeriya suna, amma mata ne ke gumi a gida, a shanya a tabarma, a kai ƙaramin inji ya cashe, a ci da tsakuwarta. A tsakiyar 2015 Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kaya 41 da ya ce masu shigo da su ba za su ƙara samun dala a hannunsa ba, shinkafa tana ciki. A watan Nuwamba na shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya tako Kebbi da ƙafarsa, ya ƙaddamar da shirin bashin manoma da muke kira Anko Borowa. A ƙarshen 2016 aka fara sayar da Lake Rice a Legas, haɗin gwiwar Gwamna Atiku Bagudu da Gwamna Ambode, shinkafar fadamarmu a buhu mai tambari. A 2017 Farfesa Osinbajo ya zo Argungu ya buɗe kamfanin WACOT, ga kuma Labana a nan Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa gaba ɗaya, kuma ko da aka buɗe wasu a ƙarshen 2020, ta Kamba sai a 2022 aka sake ta. An tara dalar shinkafa a Zauro, an tara a Abuja, an ɗauki hoto. Taken zamanin shi ne mu noma abin da za mu ci, mu ci abin da muka noma.

Duk wannan kira ne. Gwamnati ce ta tsaya a bainar jama'a ta ce wa matasa ga inda arziki yake, ku zo. Ƙanena yana shekara ta biyu a shagon walda lokacin, ubangidansa na shirin fara ba shi ƙananan ayyuka. Ya ajiye ya tafi kamfani, ni ma na ba shi shawarar ya tafi. Da albashin nan ya yi aure, ya kama haya, ya haifi biyu. Abokansa da suka saba tafiya ci-rani Legas da Ibadan da zarar an yi girbi suka daina tafiya. Babu wanda ya ce musu abin na ɗan lokaci ne.

Sai iska ta juya. A watan Oktoba na 2023 Babban Banki ya soke jerin kayan nan, ya kuma janye hannunsa daga rabon bashin noma, bayan an fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya da mayar da ita ta zama aiki. Tallafin man fetur ya riga ya tafi tun watan Mayu, manomin rani a Augie da Suru da ke jan ruwa da inji ya ga kuɗin mai ya ninka, ga taki ya yi tashin gwauron zabo. Shanshera ta yi tsada. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu babban layi daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni. Zuwa watan Yuni hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari, buhun shinkafa ya doshi naira dubu ɗari, kafin ƙarshen shekarar a wasu kasuwannin ya wuce. A watan Yuli ministan noma Abubakar Kyari ya sanar da cewa za a ɗage haraji na kwana 150 a kan masara, alkama, wake da shinkafar da aka cire wa ɓuntu ba a goge ba. Can Indiya kuma, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa, ta sassauta takunkumin da ta sa wa fitarwa, farashin duniya ya faɗi, tashar Kwatano ta cika, abin da ya cika Kwatano kuwa ba ya kwana a can. Wanda ya san hanyoyin dajin Lolo da Tsamiya da Dole Kaina na bakin iyaka ya san sauran labarin.

Ba zan yi munafunci ba: na ji daɗin saukar farashin. Na ga gidajen da aka koma cin abinci sau ɗaya. Na ga ɗalibai suna gyangyaɗi a aji da ƙarfe goma na safe, kuma ba rashin barci ba ne. Zanga-zangar yunwa ta watan Agusta na 2024 ba daga sama ta faɗo ba. Da ni ne a kujerar, wataƙila da na buɗe ƙofar nan ni ma. Mai sayen kwano ɗaya ya fi mai aiki a inji yawa nesa ba kusa ba, kuma shugaba dole ya dubi masu yawa.

Amma a duba yadda ribar da asarar suka rabu. Ribar ta watsu a kan miliyoyin mutane, kowa ya samu 'yan ɗaruruwa a kwano, har ba ya jin ya samu wani abu. Asarar kuwa ta taru a kan mutane ƙalilan, ta faɗo musu gaba ɗaya kamar katangar damina. Ni na rage kuɗin cefane, ƙanena ya rasa albashi dungurungum. Sauƙin da na samu daga aljihunsa aka ciro shi. Idan ƙasa ta ci riba da shawarar da ta yanke, ɗan yankin ribar nan ya isa a riƙe waɗanda suka biya kuɗinta, har su miƙe.

Akwai kuma wani abu a ƙa'idar da Hukumar Kwastan ta fitar wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba. Wanda zai shigo da shinkafar ba tare da haraji ba sai ya kasance yana da injin da ke casar aƙalla tan 100 a rana, wanda ya yi shekara huɗu yana aiki. Ma'ana babba ya samu hanyar ci gaba da juya injinsa da kayan waje. Matsakaici da ƙarami, waɗanda ke sayen shanshera a kasuwar Jega da Bunza da tsada, aka bar su su yi gogayya da shinkafar da ta fi tasu arha tun daga jirgi. Ka sayi ɗanya da tsada ka sayar da gyararriya da arha, wata nawa za ka yi? Aka fara rage aikin dare, aka koma kwana uku a mako, sannan aka kashe tukunyar turara. Kuma idan hayaƙin kamfani ya ɗauke, ba masu kaki kaɗai ke tafiya ba. 'Yan dako da ke sauke tirela, matan da ke shara da tsintar zube, mai tuwo da mai shayin bakin ƙofa, masu sayen dusa don kiwo, duk tare ake sallamarsu, ba tare da an kira sunan kowa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mun taɓa ganin wannan, kuma ba da nisa ba. A je Gusau a tambaya. Garin da jirgin ƙasa ke ratsawa zuwa Ƙaura Namoda, garin injin gurzar auduga da matsar man gyaɗa da angurya, garin masaƙar Zamfara da ta ɗauki dubban mutane tun shekarun 1960. Dattawan Gusau har yau suna ba da labarin yadda jiniyar masaƙa ke raba musu lokaci, da yadda titi ke cika da kekuna idan an tashi. A Kaduna, Sardauna ya kafa masaƙar KTL a 1957, Kakuri ta zama gari guda, aka samu masaƙun Arewa da UNTL da sauransu. A masaƙar Arewa ɗin ne Adams Oshiomhole ya fara aiki kafin ya zama jagoran ƙwadago. A shekarun 1980 ƙasar nan tana da masaƙu fiye da ɗari. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, China ta shiga ƙungiyar a 2001, atamfa mai arha ta dinga kwarara ta Kwatano da Nijar zuwa Kantin Kwari, wata ma da tambarin masaƙunmu a bakinta. Ga rashin wuta, ga tsadar baƙin mai. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007, ta Gusau ma ta yi shiru a cikin shekarun nan.

Me gwamnati ta yi? A 2009 ta sanar da asusun naira biliyan ɗari na farfaɗo da auduga da masaƙu da ɗinki, aka damƙa wa Bankin Masana'antu. Bashi ne ga kamfanoni, su sayi inji, su biya tsohon bashi. A lokacin da ake rabon nan, tsofaffin ma'aikatan KTL, masaƙar da jihohin Arewa 19 suka mallaka, suna yawo daga ofis zuwa ofis suna neman haƙƙinsu na sallama, sun shafe fiye da shekara goma a haka, da yawa sun mutu ba su gani ba, matansu suka gaji zaryar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kullum haka muke yi: idan masana'anta ta shiga uku, a kira masu ita Abuja, a yi taro a otal, a ware biliyoyi. Wanda ya shaƙi ƙurar auduga shekara ashirin har ƙirjinsa ya lalace ba ya cikin ajandar. Ana cewa idan kamfanin ya tashi ai zai mayar da shi. To idan bai tashi ba fa? Mafi yawa ba su tashi ba.

Na zauna na duba abin da doka ta tanadar wa mutum irin ƙanena, sai na ga kusan babu. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da ɗaukar mutum a ba shi takardar da ta bayyana sharuɗɗan aikinsa. Shi bai taɓa ganin irinta ba. Ta ce wanda ya yi shekara biyar a ba shi sanarwar wata guda kafin a sallame shi. Shi ba a ma ce an sallame shi ba, an ce ya zauna gida, kuma wannan dabara ce da kowa ya gane: wanda aka ce ya jira ba ya neman kuɗin sallama. Sashe na 20, wanda ya yi magana a kan rage ma'aikata, a batun kuɗi cewa kawai ya yi mai kamfani ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tattauna biyan wani abu. Iyakar ƙoƙari! Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya rasa aiki ya kai wata huɗu bai samu wani ba ya ciri kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa, amma sai wanda aka buɗe wa asusun aka kuma riƙa zuba masa. Akwai kashi ɗaya cikin ɗari na albashi da kamfanoni ke biya ga asusun inshorar ma'aikata na NSITF, wannan na wanda inji ya cinye wa hannu ne. Wanda kasuwa ta cinye wa aiki ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A ƙasar nan babu wani tsari da ke biyan mutum ko taro a wata saboda ya rasa aiki.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane wannan bashi. Amurka, uwar masu wa'azin buɗe kasuwa, a 1962 zamanin Shugaba Kennedy, a cikin dokar da ta rage harajin kayan waje ta sa tanadin taimakon ma'aikatan da kayan za su kora. Dokar ɗaya ce, buɗe ƙofar da biyan diyyar tare suka fito. Ma'aikata kan haɗu su kai ƙorafi ma'aikatar ƙwadago, idan aka tabbatar kayan waje ne suka kashe musu aiki, a biya musu kuɗin koyon wata sana'a, a riƙa ba su na cefane suna koyo. Daga baya aka ƙara wani tanadi da ya burge ni: wanda ya kai shekara hamsin, idan ya samu sabon aiki mai ƙarancin albashi, gwamnati ta cika masa rabin giɓin har shekara biyu, domin an san dattijo ba ya komawa aji. Tsarin yana da aibunsa. Tabbatar da cewa kayan waje ne sanadi yakan ɗauki lokaci, kuma majalisarsu ta bar shi ya faɗi a watan Yuli na 2022 ba ta sabunta ba. Kusa da mu, Afirka ta Kudu tana da asusun da ma'aikaci ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashinsa, ubangidansa ya zuba ɗaya, ranar da aiki ya ƙare a riƙe shi na wasu watanni. Su ma baƙar fata ne, su ma suna da ɓarayin gwamnati.

Ba na son mu kwafo na Amurka yadda yake, don a nan sharaɗin kawo hujja zai kashe abin tun a zanen goyo. Shinkafar da ta kori ƙanena rabinta a kan babur ta shigo da dare, babu ita a littafin kowa. Wa zai tsaya ya rarrabe ko Indiya ce ta rufe injin ko kuɗin wuta? Duka biyun ne, kuma duka biyun da sa hannun gwamnati. Abin da ya dace da mu shi ne a ayyana sassan da aka san kayan waje na dukansu, shinkafa, yadi, man girki, takalma, a ce duk ma'aikacin da ke cikin rajista a waɗannan sassa, idan injinsa ya tsaya wata biyu, ya shiga tsarin kai tsaye.

Rajistar ita ce ƙashin bayan abin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun mutum yana bakin aiki za a rubuta shi, da lambar ɗan ƙasa da lambar banki, a ƙofar kamfanin, a gaban abokan aikinsa. Har 'yan dako, domin kowane shugaban 'yan dako yana da littafin da yake rubuta wanda ya sauke buhu nawa. Wannan aikin ba ya buƙatar izinin Abuja. Gwamnatin Kebbi, da ke alfahari da shinkafa a kowane taro, za ta iya yin sa da ma'aikatan da take da su a ma'aikatar ciniki. Ina ƙalubalantar duk wani jami'i ya fito ya faɗi adadin mutanen da suka bar aikin injin shinkafa a jihar nan cikin shekara biyu da suka wuce, da sunayen garuruwansu. Mun ƙirga buhunan dala ɗaya bayan ɗaya, ba mu ƙirga waɗanda suka ɗora su ba.

Kuɗin kuma daga inda cutar ta fito za a ɗauko maganin. Kwastan na karɓar haraji mai nauyi a kan shinkafa da yadin da suka bi ta tashar jiragen ruwa, tana kuma gwanjon abin da ta kama a hannun 'yan fasa-ƙwauri. A yanki wani ɗan kaso a ajiye gefe da doka, yadda ba zai bi ta kasafin kuɗi ba balle a ce ba a saki ba. Idan an yi rangwame irin na 2024, wanda aka ba lasisin shigowa ya biya wani abu kaɗan a kan kowane tan, tunda shi aka yafe wa mai yawa. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 1993 aka ɗora wa ribar kamfanoni harajin ilimi, kuma duk wanda ya shiga Kwalejin Waziri Umaru ko jami'ar Aliero ya ga gine-ginen TETFund, asusun da aka tara da wannan haraji, da idonsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Me za a ba shi? Rabin albashinsa, wata shida, a asusunsa, ba ta hannun kansila ko shugaban jam'iyya ba. Wata shida ba arziki ba ne. Amma shi ne bambancin wanda zai nemi aiki a tsanake da wanda zai sayar da gadon matarsa a mako na uku. Ƙanena a wata na biyu ya sayar da firij, a na uku ya cire babbar 'yarsa daga makarantar kuɗi, a na huɗu ya karɓi babur a hannun wani ɗan kasuwa yana biyan balas kullum.

Sai horo, kuma a nan nake so a yi hankali, domin mun ga irin horon da ake yi mana. A tara mutane kwana uku a ɗakin taro, a koya musu haɗa sabulun ruwa da man shafawa, a ba su takardar shaida da hula mai hoton gwamna. Mutumin da ya yi shekara shida da inji ya san mota mai jan bel, ya san wutar layi uku, ya san tukunyar tururi, yana jin ƙarar inji ya gaya maka wane ƙarfe ne ya ci. Abin da ya rasa takarda ce da za ta shaida hakan. A kai shi kwalejin kimiyya wata uku, a yi masa gwajin sana'a, a ba shi shaidar da wani kamfani a Kano ko Sakkwato zai karɓa. Fadamarmu tana cika da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, idan ya lalace sai an jira mai gyara daga nesa. Ga aiki a ƙasa, ga masu hannu a zaune. Dattawan cikinsu kuma a yi musu irin cikon nan na 'yan hamsin.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini a majalisarmu ta bayan isha'i. Wani abokina ya ce, "Malam, kai ma ka sani, sace kuɗin za a yi." Ban musa masa ba. Mun ga rumbunan tallafin korona da aka fasa a 2020, mun ga an dakatar da ministar jin ƙai a watan Janairu na 2024 saboda kuɗin talakawa. Amma akwai bambanci. Rajistar talakawa ba ta da iyaka, kowa talaka ne, kowane suna zai shige. Rajistar kamfani tana da ƙofa da bango. Mutum tamanin da suka yi aiki tare sun san junansu, idan aka manna sunaye a jikin ƙofa aka ga na ɗan wani babba wanda bai taɓa ɗaukar buhu ba, kafin azahar gari ya ɗauka. Kuma ban taɓa jin an fasa ba masu kamfani biliyoyi don tsoron za a sace ba. Sai an zo kan talaka tsoron Allah ke kama kowa.

Wani ya ce manomi fa? Gaskiya ne, manomin da ya zuba mai da taki a farashin sama ya girbe a farashin ƙasa ya ji jiki, wasu sun bar fadamarsu ba su noma rani ba. Yana da nasa haƙƙin, kuma maganarsa ta fi ƙarfin wannan shafi. Sai dai shi gonarsa tana nan, bana ya yi asara baɗi ya shuka albasa ko gero, yana da ƙungiya, 'yan siyasa na tsoron ƙuri'arsa. Ma'aikacin inji ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa a harkar. Ranar da aka rufe ƙofa, takalmin roba kawai ya fita da shi.

Masu cewa a sake rufe boda a huta, ba na tare da su. Na rayu a cikin rufewar nan. Farashi ya tashi, babura ba su daina shigowa ba, sai dai kuɗin hanya ya ƙaru, kuma 'yan'uwanmu na Kamba da Gaya ta Nijar da ke aure da kasuwa tare suka sha wuya a banza. Kamfanin da ba zai iya tsayawa ba sai an toshe wa talaka kowace hanya, akwai gyara a gininsa. Abin da na ƙi shi ne a kwashe shekara takwas ana cewa ku shigo, a juya a dare ɗaya ba sanarwa, ba tanadi. Ko mai gidan haya yakan ba da wa'adi.

Akwai kuma hujjar da masu goyon bayana suke kawowa wadda ba na so. Sukan ce a taimaki waɗannan matasa don kada su shiga daji. Na gane abin da suke nufi, a yankin da muke kwana da ido ɗaya. Amma cin fuska ne. Ƙanena bai taɓa ɗaukar allurar wani ba, kuma dubban tsofaffin ma'aikatan masaƙa sun tsufa cikin talauci da mutuncinsu. Idan sai an ji tsoron mutum za a ba shi haƙƙinsa, to an koya wa na bayansa darasin da bai kamata ba. A biya shi saboda ana bin sa, kamar yadda muka taso muna ji a kan mumbari cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Yanzu yana tsayawa a mahaɗar hanya tun bayan asuba, yana ɗaukar 'yan makaranta da mata masu zuwa asibiti. Bai canja lambar wayarsa ba ko da layin ya dame shi, don ita ce ke littafin kamfani. Takalman robar suna ƙarƙashin gado, matarsa ta so ta ba mai wankin mota, ya hana. Makon jiya babur ɗina ya lalace, shi ya kai ni makaranta. Akwai hanya mafi kusa, amma ya bi ta gaban kamfanin. Ya rage gudu, ya ɗaga kai ya dubi bututun hayaƙi, ya yi wa maigadi hon. Ciyawa ta fito a inda tireloli ke layi. Maigadin ya ɗago hannu daga kan benci, ya girgiza kai. Da muka isa na miƙa masa ɗari biyar, ya ce, "Haba Yaya," ya ture hannuna. Na cusa masa a aljihun riga, ya juya babur ya tafi neman wani fasinjan.